Digirin Smith da Labarin Baba

A 1949 wani ɗan Jamaika, M.G. Smith, ya sauka ƙasar Zazzau domin binciken digirinsa na uku a fannin nazarin al'adun ɗan Adam. Ya samu digirin a Landan a 1951. Sai dai baƙo namiji iyakarsa zaure, don haka rayuwar matan kulle ta ɓoye masa. Matarsa Mary ce ta zauna da wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, tana rubuta abin da ta gani na bauta, aure da ƙawance. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954.

Mu da muke shiga har ɗaka ba tafinta, kakanninmu nawa muka rubuta labarinsu kafin ƙasa ta rufe musu ido?