Daga Tsibiran Hawai Zuwa Wi-Fi ɗin Ɗakin Karatu

In ka taɓa zama a ɗakin karatun jami'a ana gab da jarrabawa, ka san yadda abin yake. Alamar Wi-Fi cike take a wayarka, amma shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, kowa na dannawa, kowa na tsaki. To wannan matsala ta taron jama'a a kan hanya ɗaya ta girmi Wi-Fi nesa ba kusa ba, kuma a wata jami'a aka fara samo bakin zarenta fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Bari mu fara da layin tarho. A shekarun 1960 kwamfuta ƙatuwar aba ce mai cin ɗaki guda, ga tsada. A 1964, a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz suka tsara yadda ɗalibai da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda, kowa daga wata na'ura mai kama da tafireta. Wanda yake nesa kuwa sai ya bi ta tarho. Amma layin tarho don murya aka yi shi, shi ya sa ake buƙatar modem, na'urar da ke mayar da bayanai su zama sauti, wata kuma a can ɗaya ɓangaren ta mayar da sautin bayanai. Modem ɗin Bell 103 na 1962 bit 300 yake turawa a daƙiƙa, wato haruffa kamar 30.

Wannan hanya ta yi tsawon rai. Har ƙarshen shekarun 1990 jami'o'in Amurka da Turai na jera modem birjik don ɗaliban da ke kwana a gari su riƙa kira daga gida. Gudun ya kai bit dubu 56, amma duk da haka fayil mai megabait 4 sai ya ci wajen minti goma. (Mu a Najeriya yawancinmu ba mu ɗanɗana wannan ba, don kafin zuwan GSM a 2001 gida nawa ne ma ke da tarho?) Babban aibinta ba jinkiri ba ne. Da zarar ka kira, layin ya zama naka kai kaɗai har sai ka ajiye, ko rubutu kake ko sosa ƙeya. In modem ɗin jami'a sun cika, sai dai ka yi ta sake kira.

Wannan aibin ne wani malami ya hango tun da wuri, don haka mu koma baya zuwa 1968. A shekarar Norman Abramson yana Jami'ar Hawai, wadda rassanta ke warwatse a tsibirai cikin tekun Pasifik, babbar kwamfutarta kuma tana Honolulu. Hayar layin tarho tsakanin tsibiran tsada gare ta. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Franklin Kuo, suka ce to a bi ta rediyo. A watan Yunin 1971 tsarinsu mai suna ALOHAnet ya fara aiki, da gudun bit 9,600 a daƙiƙa.

Ba rediyon ne abin mamaki ba, dokar da suka kafa ce. Duk na'urorin tasha ɗaya suke amfani da ita wajen aika saƙo zuwa cibiya, kuma ba mai raba musu lokaci. Kana da saƙo? Ka dunƙule shi ƙanana-ƙanana ka tura. In cibiya ta amsa ta ce ya iso, shi ke nan. In ka ji shiru, to ka yi karo da wani ne, sai ka ɗan dakata ka sake. Tsawon dakatawar kuwa ƙuri'a na'urar take jefawa, don kada ku biyun ku sake dawowa tare. Ka tuna majalisar ƙofar gida: mutum biyu su buɗe baki lokaci guda, duka su yi shiru, can sai ɗaya ya ci gaba. Ba a naɗa shugaba ba, amma hira na tafiya.

Kamar rashin tsari, ko? Lissafi ma ya nuna kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin tashar kawai ake iya mora, sauran ya tafi a karo da zaman jira. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna in aka yayyanka lokaci aka ce kowa ya fara turawa a farkon yanki, abin zai ninka zuwa kashi 37. Amma ko a hakan akwai riba, domin mai aiki da kwamfuta yawancin lokacinsa shiru yake, karatu yake ko tunani.

Daga nan dabarar ta shiga kebul. Robert Metcalfe, wanda Jami'ar Harvard ta ƙi karɓar kundin digirinsa na uku a karon farko, ya karanta aikin Abramson, ya zurfafa bincike a kai, ya ƙara a kundin, aka karɓa. Ranar 22 ga Mayu 1973, yana aiki a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya, ya rubuta takardar da ta haifi Ethernet, suka gina shi da David Boggs da gudun bit miliyan 2.94. Gyaran da suka yi ladabi ne kawai: ka saurara kafin ka yi magana, in kuma ka ji kun haɗa baki da wani, ka tsaya nan take. Wannan ne kebul ɗin da ka gani a bayan kwamfutocin ɗakin gwaji. A yau kowane kebul na da ƙofarsa a na'urar rarrabawa, karo ya zama tarihi, shi ya sa ni dai in ina da babban fayil, kebul nake nema.

A iska kam ba a rabu da Bukar ba. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh ta fara shimfiɗa hanyar sadarwa marar waya a harabarta a tsakiyar shekarun 1990, tun kafin a fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, kafin ma a raɗa sunan Wi-Fi a 1999. Matsalar rediyo ita ce na'ura ba ta iya jin karo yayin da take turawa, muryarta ta danne ta kowa. Dole aka koma ga dabarar Hawai: saurara, jefa ƙuri'ar jira, tura, jira amsa. Ɗalibai ɗari a kan na'urar Wi-Fi ɗaya majalisa ce ta mutum ɗari, kuma wanda ya zauna can nesa a lungu a hankali yake magana, yana cinye lokacin kowa. Wani sa'in, gaskiya, laifin na hanyar da ta haɗa jami'ar da waje ne, ita ce ta yi ƙunci.

Abramson ya rasu a Disambar 2020. Wayar GSM da ke aljihunka kuwa, duk sa'ad da za ta nemi layi daga turken sadarwa don ka buga kira, da waccan dabara ta yankakken lokaci take ƙwanƙwasa ƙofa.