Dokar bugun kai a wasan zari-ruga na jami'o'in Amurka: asalinta da yadda ake aiki da ita

Abin da Amurkawa suke kira futbol ba shi ne ƙwallon ƙafa da muka sani ba. Wasa ne mai kama da zari-ruga: mutum 11 a kowane gefe, ƙwallo mai siffar ƙwai, ana gudu da ita a hannu ko a jefa ta, abokan hamayya kuma su tare mai riƙe da ita su kayar da shi ƙasa. Jami'o'i suna da tasu gasar a ƙarƙashin hukumar NCAA, kuma ba ƙaramar gasa ba ce, don filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Cikin dokokin wannan gasa babu wadda ake jayayya a kanta kamar dokar «tagetin», wato auna kai ko wuyan abokin hamayya da bugu, ko kuma mutum ya mayar da ƙoƙon kansa makami.

Hukumar NCAA kanta matsalar rauni ce ta haife ta. A kakar 1905 aƙalla ƴan wasa 18 suka mutu a filayen Amurka. A watan Oktoba na wannan shekara Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard, Yale da Princeton zuwa fadarsa, ya nemi su gyara wasan. A 1906 aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki sunan NCAA a 1910, aka kuma halatta jefa ƙwallo gaba domin a rage cunkoson da ake yi wuri guda. A 1939 sanya hular kwano ya zama dole.

Sai dai hular ta zo da nata sharrin. Da aka koma yin ta da roba mai tauri, aka ƙara mata ƙarafan kare fuska, ƴan wasa suka daina jin tsoro, suka riƙa tunkuyi da ka kamar raguna. Hula tana kare ƙoƙon kai, amma ba ta kare wuya. Idan mutum ya sunkuyar da kai, lanƙwasar da ƙashin wuya yake da ita takan miƙe, ƙarfin karon duka ya sauka a kan ƙasusuwan a jere. In suka karye suka taɓa laka, hannuwa da ƙafafu su shanye. Binciken likita Joseph Torg ne ya fito da wannan fili, kuma a 1976 aka haramta fara karo da kai. Ƙididdigarsa ta nuna cewa masu shanyewar jiki a makarantun sakandare da jami'o'i sun ragu daga 34 a 1976 zuwa 5 a 1984. Haɗarin bai ƙare ba: a Oktoban 2010 Eric LeGrand na Jami'ar Rutgers ya karya wuya a wasansu da makarantar sojan ƙasa, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa.

Dokar tagetin ta shiga littafin dokoki a 2008, kuma tana da rassa biyu. Na farko ya hana ɗan wasa ya bugi kowa da tsakiyar saman hularsa, ko a wane ɓangare na jiki. Wannan reshe mai bugun yake karewa kafin wanda aka buga. Na biyu ya hana kai bugu mai ƙarfi a kai ko wuyan wanda ba ya cikin halin kare kansa, ko da hula, ko kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko dunƙule. Cikin waɗanda ake ɗauka ba su iya kare kansu akwai mai jefa ƙwallo lokacin da yake jifa ko ya gama kenan, da mai ƙoƙarin cafe ta a sama, da mai bugun ta da ƙafa, da wanda ya riga ya faɗi ƙasa, da wanda ya zame da ƙafafu gaba don nuna ya sallama. Alƙali yana kuma neman alamar farmaki: ɗan wasa ya daka tsalle ya bar ƙasa ya nufi sama, ko ya tsugunna ya taso da ƙarfi, ko ya sunkuyar da kai kafin karo.

Da farko hukuncin yadi 15 ne kawai, kusan mita 14, da ake tura ƙungiyar mai laifi baya. A 2013 aka ƙara kora daga wasa, kamar jan kati. Tsarin da aka kafa a lokacin ya ce wanda aka kora kafin hutun rabin lokaci ya rasa ragowar wasan, wanda aka kora bayan hutu kuma ya rasa har rabin farko na wasa mai zuwa. Daga nan gyare-gyare suka biyo baya. A 2016 aka ba alƙalin bidiyo ikon kama laifin ko da alƙalan fili ba su gani ba. A 2019 aka ce dole bidiyo ya tabbatar da kowane sharaɗi na laifin, in ba haka ba a soke hukuncin, kuma wanda ya yi sau uku a kaka ɗaya a dakatar da shi wasa guda. A 2020 aka daina tilasta wa wanda aka kora ya fice zuwa ɗakin sauya kaya, a 2022 kuma aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara kan hukuncin da ke tsallakawa zuwa wasa na gaba. Kwamitin dokoki yana sake duba su kowace shekara.

Misalin da aka fi tunawa shi ne wasan kusa da na ƙarshe na Disamban 2019. Jihar Ohio tana gaban Clemson da 16 da 0, sai Shaun Wade ya kayar da Trevor Lawrence, hularsa ta bugi ta Lawrence. Alƙalin bidiyo ya ce tagetin ne, aka kore shi, Clemson ta farfaɗo ta ci 29 da 23. Ƙorafin masu horarwa a nan yake, kuma yana da tushe: dokar ba ta duba niyya, saboda haka wanda ya kai bugu da gangan da wanda abokin hamayya ya duƙa masa a ƙiftawar ido hukuncinsu ɗaya. An sha ba da shawarar a raba laifin gida biyu, mai kora da marar kora. Masu kare dokar suna cewa tsoron kora ne ya sa aka canza yadda ake koyar da kayarwa, kai a ɗage, kafaɗa a gaba.

Akwai kuma abin da dokar ba ta iya kaiwa gare shi. Likita Bennet Omalu, haifaffen Najeriya, shi ne ya gano cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a gawar tsohon ɗan wasa Mike Webster a 2002. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston sun samu cutar a ƙwaƙwalwar 48 cikin 53 na waɗanda suka yi wasa a matakin jami'a, ko da yake iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka fi ba da ƙwaƙwalen, don haka adadin ba ya wakiltar dukan ƴan wasa. Masana suna danganta cutar da ƙananan karo masu maimaituwa, irin waɗanda ƴan layin gaba suke yi a kowane zagaye da kuma wajen atisaye, ba tare da an busa musu laifi ba. Tun 2010 NCAA ta wajabta wa jami'o'i tsarin kula da buguwar ƙwaƙwalwa, wanda ya hana wanda aka tabbatar ya samu buguwar komawa fili a ranar. A wata shari'a da tsofaffin ƴan wasa suka kai ta, hukumar ta amince ta ware dala miliyan 70 don duba lafiyarsu da miliyan 5 don bincike, kotu ta tabbatar da yarjejeniyar a 2019.