Ibro Aloko: fim ɗin da kotu ta ɗaure, 'yan kallo suka sake shi

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau maganar fim za mu yi, amma ta fuskar tarihi. A Amurka akwai finafinan barkwanci na 'yan sakandare da masu sharhi suka kushe lokacin fitowarsu, matasa kuma suka rungume su har suka girma da su. Mu a ƙasar Hausa, wanda ya riƙe mana wannan gurbin shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro. Kuma a cikin finafinansa babu wanda ya raba kan masu hukunci da masu kallo kamar Ibro Aloko.

Mu ɗan koma baya. Tun farkon shekarun 2000 'yan Kannywood suka kasa finafinansu gida biyu. Akwai na soyayya da waƙa, irin su Sangaya da Wasila, na gayu da gidaje masu kyau. Sai kuma waɗanda aka laƙaba wa suna camama. Ku lura da kalmar, ba yabo ba ce. Ana nufin fim mai arha, wanda aka ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauye, babu wani tsararren labari, sai faɗuwa da tashi da gudu da ihu. A nan aka ajiye Ibro, mutumin Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, shi da abokan wasansa. Ɗan boko na wancan lokacin kunya yake ji a gan shi da kaset ɗin Ibro a hannu. Zai dai kalla, amma a ce ƙanensa ne ya kunna.

Shi kuwa Ibro duk abin da duniya ke yayi sai ya ɗauko ya sa masa jar hula. Awilo Longomba na Kwango ya cika gari da kiɗa, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, sai ga Ibro Usama, wanda wasu malamai suka yi wa ca. Masu sukar suna cewa shirme ne da rashin ta-ido. To amma yaron da ke Janbako ko Bakura, wanda bai taɓa shiga falo mai kujerun alfarma ba, a fim ɗin Ibro kaɗai yake ganin katangar ƙasa irin ta gidansu, da jaki, da mai shayi, da talakan da ke yi wa mai kuɗi wayo ya sha.

Mu nan Zamfara ma abin ya fi armashi. Bayan gwamnatin Ahmad Sani Yarima ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, an rufe gidajen sinima. Kallo bai mutu ba, cikin gida ya koma. Kaset, daga baya faifan CD, yana tasowa daga Ƙofar Wambai a Kano, ya sauka kasuwar Talata Mafara, ya shigo ƙauye a aljihun ɗan kasuwa. Gida ɗaya mai janareta, yaran unguwa duka. Ni kaina a tsakar gidan maƙwabta na fara ganin Ibro, muna zaune a ƙasa, matan gida na bayanmu a tabarma suna cewa mu rage ihu alhali sun fi mu dariya.

Yanzu ga inda labarin ya yi zafi. Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau da shirinsa na A Daidaita Sahu, wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, gari ya ɗauka. Aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka shiga kame da kotun tafi-da-gidanka. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan Bahaushiya. A watan Oktoba 2008 abin ya zo kan Ibro: wata biyu a gidan yari. Tuhumar da aka yi masa ta haɗa da rashin rajistar kamfani da kuma rawar da aka ce ba ta dace ba a Ibro Aloko. Kafin shekarar ta ƙare, Hamisu Lamiɗo Iyantama shi ma ya shiga.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. A bakin jama'a kuwa wani labarin ne daban. Akwai waƙa a fim ɗin mai suna Mamar, kuma mamar ɗin nan wani yadi ne mai ratsi-ratsi da aka san gwamnan yana yawan sawa. Yara suka ɗauki waƙar suka mai da ita abin tsokana a titi. Mutane da yawa sun tafi a kan cewa waƙar ce ta kai shi, rawa dai hujja ce aka samu. Ni ra'ayina, ko da Ibro bai nufi kowa ba, 'yan kallo sun riga sun ba waƙar ma'anarsu, kuma wannan ma'anar ita ce ta fi ƙarfin hukuma. Ana iya yanke wani sashe na fim da almakashi. Yaya za a yi da abin da ya riga ya shiga bakin almajiri da ɗan acaɓa?

Wani abin mamakin kuma, kafin ya shahara a fim, Ibro gandiroba ne. Shekaru ya yi yana kulle wasu, sai ga shi an juya masa makulli.

Ya fito, ya ci gaba da sana'arsa, kasuwarsa ba ta faɗi ba. Gwamnati ta sauya a 2011, Rabo ya bar kujera. Ranar 10 ga Disamba 2014 Allah Ya yi wa Ibro rasuwa a Kano. Allah Ya jiƙansa da rahama. Daga ranar harshe ya juya. Jaridu da gidajen rediyo suka koma kiransa sarkin barkwanci, kalmar camama ta yi sanyi a bakin masu faɗarta da raini. Bosho da Daushe da Naburaska suka ci gaba da jan zaren, har aka zo zamanin Gidan Badamasi, wanda ɗan boko ke kallo a falonsa ba tare da ya laɓe bayan ƙanensa ba.

A nan yankinmu na sake ganin ƙarfin abin a Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Babu kira, babu intanet, babu hirar dare a waje. Abin da ke cikin memori kaɗai ya rage, kuma na ga samari suna tura wa juna tsofaffin finafinan Ibro waya zuwa waya, wasunsu ko tafiya ba su fara ba lokacin da aka ɗaure shi.

Abin da ke damuna shi ne, hukuncin kotu yana nan a takarda, sharhin mujallu yana nan, amma ɓangaren 'yan kallo ba wanda ya rubuta. Kaset ya ci ƙasa, CD ya karce, abin da ke yawo a TikTok guntaye ne masu dishi-dishi. Don haka duk wanda ke da tsohon faifan Ibro Aloko a Janbako, Mafara, Bakura ko Maradun, don Allah kada ya jefar, ya yi mana magana. Wanda kuma yayansa ko innarsa ta kalle shi a 2008, ya tambaye ta a gidan wa ta kalla, da abin da aka riƙa faɗa ranar da labarin ɗaurin ya iso gari, ya rubuto mana a ƙasa.