Kallon Makaɗi Ido Da Ido: Daga Ƙofar Fada Zuwa Ɗakin Taro

Bara waccan aka gayyace ni bikin 'yar wani abokina a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan taron nan na Kano. An ɗauko mawaƙi mai tashe, an kuma biya shi kuɗi masu kauri. Ya hau dandamali da makirufo a hannu, 'yan mata suna ta ɗaga wayoyi. Ana tsakiyar waƙa ta biyu sai wuta ta ɗauke, kafin a tayar da janareto kuwa an ɗauki kamar minti uku. Ɗaki ya yi tsit. Mawaƙin ya tsaya yana murmushi yana gyara hula, don ashe muryar da muke ji tun ɗazu daga kwamfutar DJ take fitowa. Babu ganga a wurin, babu ɗan amshi ko ɗaya. Wani dattijo da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, da Shata ne, da bai ma san an ɗauke ba."

Maganar dattijon nan ce ta sa na koma bin diddigin yadda Bahaushe yake kallon makaɗinsa, da yadda aka yi muka iso inda muke.

A da, babu wani abu wai shi sayen tikiti don a je a ji kiɗa. Kiɗa yana da gurbinsa a cikin sarauta da sana'a da biki, duk wanda ya zo wucewa kuma ya tsaya ya kalla. A manyan masarautu, kowace Alhamis da daddare makaɗan sarki sukan hallara a ƙofar fada su yi abin da ake kira sara, wato kiɗan shigowar Juma'a. A busa kakaki da algaita, a kaɗa ganguna, talaka yana tsaye daga nesa yana ji kyauta. Turawa biyu, David Ames da Anthony King, da suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, sun tarar da wannan al'ada da ranta.

Sai dai makaɗin fada mutum ɗaya yake yi wa waƙa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne. Sa'idu Faru ya shahara da Sarkin Kudu Maccido tun kafin ya zama Sarkin Musulmi. Sauran jama'a 'yan cin albarkaci ne, amma su ne suke shan daɗin da babu shi a kaset. Dalili kuwa shi ne zambo da habaici. Idan makaɗi ya gama wasa ubangidansa, sai ya juya kan ɗan sarkin da ke harin gadon, ya siffanta tafiyarsa ko rowarsa ko girman cikinsa ba tare da ya kama suna ba. Sau da yawa wanda ake yi da shi yana zaune a wurin. Kowa ya gane, kowa yana satar kallon fuskarsa, shi kuwa dole ya daure kamar bai ji ba. Mu da muke jin waɗannan waƙoƙi a waya yau, kalmomin kawai suka iso mana. Wanda aka yi wa zambon da waɗanda suka ƙunshe dariya duk sun tafi da rabin ma'anar.

A wajen fada kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma da ake bin su da ita kunya-kunya ranar gayya. Kowane gwani yana da takensa, kuma idan aka kaɗa taken mutum a bainar jama'a sai ka ga tsuma ta kama shi. Wanda ya je gidan dambe a zamanin Ɗan Anace ya ga yadda waƙa take tayar da Shago daga zaune. Mata kuma, da yake yawancinsu suna cikin kulle, nasu dandalin tsakar gida ne. Ranar suna ko biki a kifa ƙore a cikin ruwa, a yi amada, a faɗi maganganun da ba a faɗa gaban maza. Daga wannan zauren Barmani Choge ta Funtuwa ta fito har duniya ta san ta, ta kuma riƙe ƙwaryarta har rasuwarta a 2013.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ƙungiyar makaɗi take, don a nan sirrin yake. Akwai jagora, shi ke jan baiti. Akwai 'yan amshi, su ke riƙe gindin waƙa, su ba shi sararin numfashi da na tunanin abin da zai faɗa gaba. Akwai masu kiɗa. Sannan akwai sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin makaɗi da jama'a. Shi zai hango wane ya shigo, ya raɗa wa jagora sunansa da na ubansa da garinsu. Idan an yi kyauta shi zai ɗaga murya ya shelanta: wane ya ba da riga, wane ya ba da doki. Daga baya aka koma mota da kujerar Makka. Da zarar an shelanta, waƙa ta sami sabon ɗa nan take. Saboda haka mai kallo yana da hannu a cikin waƙar. Idan ya yi abin kirki ya shiga ciki, idan ya noƙe ma yana iya shiga, ta ƙofar da ba zai so ba. Shi ya sa ba a taɓa yin waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya. Wanda ya ji ta a Gusau da wanda ya ji ta a Zariya za su iya yin gardama kan baitocinta, alhali kowa gaskiya yake faɗa.

Canji na farko ya biyo hanyar dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, garuruwa suka cika da baƙi. Aka sami sababbin masu kuɗi waɗanda ba su gaji sarauta ba: dillalai, 'yan kwangila, masu motocin haya, direbobi. Su ma suna son a faɗi sunansu. A shekarun 1950 siyasar NEPU da NPC ta ƙara buɗe wani fagen, don taron siyasa ba ya armashi sai da makaɗi.

Mamman Shata ɗan wannan zamanin ne. An haife shi a Musawa a 1923, kuma bai gaji kiɗa ba, daga dandali ya taso. Ya yi wa sarakuna waƙa, amma bai zauna a ƙofar kowa ba. Ya kai kalangu otal-otal da gidajen sinima da filayen wasa, wuraren da ke da katanga da ƙofa. A irin waɗannan wurare ne Bahaushe ya saba da biyan kuɗin ƙofa kafin ya ji kiɗa, abin da kakansa zai yi mamakinsa. Duk da haka tsohon tsarin bai mutu ba. Kuɗin ƙofa na shiga ne kawai, ainihin samun makaɗi yana cikin liƙi da kyautar da za a yi a fili. Waɗanda suka kalli Shata sun haɗu a kan abu ɗaya: ba ya zuwa da waƙa a rubuce. Yana tsaye yana duban jama'a, abin da idonsa ya faɗa a kai shi zai shiga baiti, 'yan amshi suna biye da shi, a kai tsakar dare ba a sani ba. Ban ce duk abin da ake yi a waɗancan wurare abin yabo ba ne. Akwai giya, akwai almubazzaranci, akwai magidancin da ya liƙe kuɗin cefanen wata guda don a ambaci sunansa sau uku. Malamai sun yi wa'azi a kai tun a lokacin, kuma suna da hujjarsu.

Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanyar daban. Shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata. Ba ɗan amshi, ba sanƙira. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talakawa masu ƙananan sana'o'i. Da yake kayan aikinsa ba su fi a rataya a kafaɗa ba, shi ne ya fi dacewa da dandamalin zamani, inda jama'a ke zaune a kujeru suna saurare, ya kuma zaga ƙasashe da dama kafin rasuwarsa a 2015.

Rediyo ya zo da nasa. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, ya kai muryar Musa Ɗankwairo da Shata da Haruna Uji ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Kafin nan akwai faifan garmaho, wanda fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai, don haka waƙar da ake kwana ana yi dole a datse ta. Kaset ya sassauta wannan matsi a shekarun 1970. Amma wani abu ya riga ya juya: yanzu mutum yana haddace waƙa kafin ya ga mai ita. Idan ya je kallo, yana so ya ji ta yadda ya san ta. A ganina, irin da ya tsiro ya zama abin da na gani a ɗakin taron nan, a wannan lokacin aka shuka shi.

Gwamnati ma ta zama uwar ɗakin makaɗa. A bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, aka kuma yi hawan daba a Kaduna, an ga irin su Miriam Makeba da Stevie Wonder a ƙasar nan. Hukumomin al'adu na jihohi suka ɗauki salon: jadawali, mai gabatarwa, kowane makaɗi da mintocinsa. Makaɗin da ya saba sai ya ga ƙwayar idon mai kyauta, sai ga shi ana nuna masa agogo.

Babbar girgiza ta zo da finafinan Hausa. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar ta bunƙasa a Kano, ta kuma ɗauki salon rawa da waƙa na finafinan Indiya. Ɗakunan ɗaukar sauti suka cika da fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai fitar da ganga da sarewa da goge daga cikinsa. Mawaƙi ya rera a ɗaki, jarumi ya motsa baki a gaban kyamara. Da aka fara shirya gala, inda 'yan fim ke hawa dandamali su taka rawar waƙoƙin finafinai, wannan motsa bakin aka ɗauko aka kawo gaban jama'a. Daga baya mawaƙan da kansu suka fito fili suka yi suna, amma da yawansu sun tarar da dandamalin an riga an gina shi a kan faifai.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. A ƙarshen wannan shekarar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, Kano ta biyo baya a 2000, aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar a 2001. Wasan dare mai cakuɗa maza da mata ya shiga takura, gidajen sinima suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan hare-haren da aka kai Kano a Janairun 2012, taron dare ya ƙara zama abin tsoro. Mutane da yawa a nan suke tsayawa idan ana neman wanda ya kashe kiɗan fili. Ni ina ganin lissafin kuɗi ya fi kowa laifi. Ƙungiyar mutum goma sha tana bukatar mota da masauki da abinci, ga rabon abin da aka samu. Mawaƙi ɗaya da waƙoƙinsa a filashi kuwa ko a babur ya iso. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun so kiɗan amma ba mu taɓa girmama makaɗin ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, amma gidaje nawa ne za su ba ɗan mai kalangu 'yarsu? Yaron da ya ga haka, ya kuma sami boko, da wuya ya ɗauki gangar ubansa. Hatta liƙin da ya rage daga tsohon tsari, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta shi, ko da yake hannu bai daina kaiwa goshi ba.

Abin bai ƙare ƙaf ba. 'Ya'yan Ɗankwairo suna nan da kotsonsu da amshinsu tun bayan rasuwarsa a 1991. Ranar hawan sallah har yanzu da baki ake busa kakaki. Masu bandiri a zawiyoyin Kadiriyya ba su san wani abu wai shi DJ ba. A Nijar kuma ƙungiyoyi irin su Tal National suna riƙe jama'ar Yamai sa'o'i da jita da ganguna na gaske, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasar.

Wanda bai taɓa gani ba, mafi sauƙi shi ne ya nemi gidan dambe mafi kusa da shi da la'asar. Ya zauna kusa da masu kalangu, ya bar kallon 'yan damben na ɗan lokaci ya dubi makaɗin. Zai ga idonsa yana kan ƙafar wanda ke cikin fage. Idan ɗan damben ya ja da baya kiɗa ya lafa, idan ya kai hannu kiɗa ya tashi tare da shi, idan kuwa aka yi kisa, kafin wanda aka buge ya miƙe daga ƙasa sunan wanda ya buge shi ya riga ya shiga waƙa.