Ƙwayar West Nile: sauron kwata da dokinka

Sauron Culex, mai hayayyafa a kwata da ruwan da ya kwanta a fadama, shi ke ɗauko ƙwayar West Nile daga tsuntsaye ya sa wa mutum ko doki. An fara gano ta a Yuganda a 1937. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa jin komai, amma takan kumbura wa wasu ƙwaƙwalwa, musamman tsofaffi.

Masu bincike tarko suke kafa wa sauro da dare, su gwada abin da ya kama. Kai kuwa a Balan, dokinka za ka sa wa ido. In ka ga yana tangaɗi, ko leɓensa na rawa, kira malamin dabbobi, kar ka tsaya jiƙe-jiƙe. Doki ba ya sa wa mutum, amma irin sauron da ya cije shi yana nan cikin gidanka, sai a ɗaura wa tsofaffi gidan sauro.