Tsohon Raleigh da abin da fenti ke binnewa

A ƙarshen shekarun 1880 Frank Bowden ya karɓi wani ƙaramin shagon kekuna da ke titin Raleigh a birnin Nottingham na Ingila, ya mayar da shi kamfani. Daga can baƙin keken nan mai birkin ƙarfe da taya inci 28 ya iso ƙasar Hausa ta kantunan Turawa, har daga baya aka kafa masana'antar harhaɗa shi a Kano. Kafin babur ya yawaita, malamin makaranta da ma'aikacin En'e da dillalin gyaɗa duk shi ne abin hawansu. Wanda ba shi da nasa sai ya je wurin ɗan kamasho ya yi haya. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo a 1975, ma'aikata da yawa suka koma babur, sannan kekunan Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka zo da araha suka cinye kasuwa. A 2002 Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham ɗin ma.

Ragowar suna nan jingine a zaure da bayan rumbu, kuma samarin da suka gaje su sun fara tashinsu. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi: a kankare jikin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a fesa fenti, a manna sitikar kasuwa, a ce ya dawo kamar sabo.

Keken kawuna yana hannuna, kuma na san abin da sanfefa za ta cinye a jikinsa. A wuyansa akwai tambarin tagulla mai kan zalɓe, ya dushe amma ana karanta shi. Akwai ƙaramar lambar lasin ta gwangwani, shaidar zamanin da mai keke ke biyan hukuma kafin ya hau titi. Kariyar baya maƙeri ya ƙara mata rodi biyu don ta ɗauki buhun gero, waldar ma ba ta miƙe ba. Sandar sama ta goge a daidai inda aka riƙa ɗora yara zuwa makaranta, sirdin fata kuma ya lotsa ta gefe guda saboda yadda mai shi ke zama. Nottingham ta ƙera dubban irinsa, babu bambanci a tsakaninsu. Abin da ya sa wannan ya zama namu shi ne abin da aka yi masa a nan. In aka mayar da shi yadda ya fito daga kwali, tarihin Ingila kaɗai aka bari, an share na gida.

Masu son sabuntawa suna da hujjarsu, kuma ba na raina ta. Sukan ce keke don hawa aka yi shi, tsatsa kuma ba ta hutawa. Gaskiya ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma tsatsa iri biyu ce. Akwai ja-ja ta sama, wadda kananzir da tsumma da haƙuri ke ɗaukewa, sai a shafa mai ta tsaya. Busasshiyar iskarmu ta sa mafi yawan kekunan Arewa ita kaɗai ke jikinsu. Akwai kuma wadda ta ci ƙarfe ta huda shi, musamman a ƙasan madigadi da cikin rim inda ruwa ke kwana. Wannan kam sai walda ko canji, don rai ya fi tarihi. Taya, tib, boris, sarƙa da robar birki dama kayan ƙarewa ne, kawuna ma ya sha canza su, kuma ba wanda ya ce keken ya tashi daga nasa.

Saboda haka roƙona ga duk wanda ya gaji irin wannan keke: ka wanke, ka sa giris, ka canza abin da zai kayar da kai, ka hau. Ka kai shi wurin tsohon mai gyaran keke tun irinsu suna raye, ya nuna maka wane ɓangare ne na asali, wane ne na Kano. Kada garin neman gira ka rasa ido. Fenti ko baɗi ka ga dama za ka fesa, amma abin da sanfefa ta kankare babu bakaniken da zai mayar maka da shi.