Guzurin da Uwa Ke Zuba wa Ƙwanta

A shekarar 1923, masana biyu a Ingila, Boycott da Diver, suka lura da wani abin ɗaure kai game da dodon koɗi: murɗewar katantanwarsa, dama ko hagu, ba ta bin ƙa'idar gado da aka sani. A wannan shekarar Alfred Sturtevant na Amurka ya warware ƙullin. Ƙwayoyin gadon uwa ne ke yanke hukunci, domin tun kafin maniyyi ya iso ta riga ta zuba wa ƙwanta guzurin furotin da saƙonnin gado.

A shekarun 1980 Christiane Nüsslein-Volhard ta Jamus da abokan aikinta suka nuna irin wannan a ƙudan 'ya'yan itace, inda guzurin uwa ke tsara inda kai zai fito. Dabbobi masu shayarwa kuwa sun yi wuyar bincike. Ƙwan ɓera ƙanƙane ne, kaɗan ake samu, kuma a cikin uwa ɗan tayin ke girma. Sai da aka ƙware wajen kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera ƙofar ta buɗe.

A 2000, masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kashe wata ƙwayar gado mai suna Mater. Mazan ɓerayen suka ci gaba da haihuwa. Matan ma lafiyarsu lau, suna fitar da ƙwai, maniyyi yana shigarsa, amma ɗan tayin yakan tsaya cak bayan ya rabu gida biyu. Wannan ne daidai matakin da ɗan tayin ɓera ke karɓar ragama, ya fara aiki da nasa ƙwayoyin gado. A 2003 aka gano Zar1, a 2008 kuma rukunin Jurrien Dean ya nuna cewa Mater da wasu furotin suna haɗuwa a gefen ƙwai su yi aiki tare.

Amfanin ya kai ga ɗan Adam. A 2015 a Saudiyya, da 2016 a Sin, an gano matan da 'ya'yan tayinsu ke tsayawa a ɗakin gwajin haɗa ƙwai da maniyyi saboda tawaya a TLE6 ko PADI6, abokan aikin Mater. Binciken bai kawo magani ba tukuna, amma ya bai wa irin waɗannan ma'aurata dalilin da za a iya aunawa, maimakon zargi da maimaita jinya mai tsada a makance.